Daga Lawanti zuwa Jidda da allurar insulin a jakata

Tun 2013 nake fama da ciwon suga, kuma a 2018 likita ya mayar da ni kan allura, sau huɗu a rana: mai saurin aiki kafin kowane abinci, mai dogon aiki da ƙarfe 10 na dare. A nan Gombe na saba da abina. In akwai wuta, firji. In an ɗauke ta kwana biyu, sai in sa birukan insulin ɗin, wato alluran nan masu kama da biro, a roba mai murfi in tura cikin randar da na zuba wa jiƙaƙƙen yashi. Da babban ɗana ya biya mana kujerar Umarar da za mu yi a watan Sha'aban, ƙarshen Fabrairun 2024, murnar ba ta kwana biyu ba fargaba ta biyo bayanta, domin ban taɓa hawa jirgi ba. Kowa da abin da yake faɗa mini. Wata ta ce ƙwace allurai ake yi a bakin ƙofa. Wani ya ce na'urar haska kaya tana kashe insulin. Wata kuma ta ce in cusa komai a ƙasan babban akwati in ja bakina in yi shiru. Duk cikinsu babu wanda ya ambaci abin da ya kusa kayar da ni da gaske, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ta kasance tun daga farko.

Saura mako biyar a tafi na je asibitin da nake zuwa, ranar da ake ganin masu suga. Ƙarfe 7 na safe na ajiye katina, sai bayan azahar layi ya zo kaina, don mu da yawa ne ranar. Likitan ya tura ni gwajin jinin nan da ke nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce, ya auna hawan jini, ya sa na cire takalmi ya duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu, tunda akwai ɗawafi da Safa da Marwa a gabana. Sannan na roƙi takardar da zan nuna a filin jirgi. Ya rubuta ta da Turanci a kan takardar asibiti: cewa ina da ciwon suga, sunan kowane insulin na asali ba na kamfani kawai ba, yawan yunit ɗin da nake yi, ƙwayar metformin da nake sha ta suga, kawunan allura, na'urar gwaji da tsinkayen huda yatsa, da cewa dole waɗannan kaya su kasance a hannuna cikin jirgi. Na biya naira 3,000 aka buga hatimi, na dawo gida da farin ciki. Da daddare ɗana ya ɗora takardar kusa da fasfona ya ce, "Umma, sunan bai zo ɗaya ba." A katin asibiti sunan maigidana ne a bayan nawa, a fasfo kuwa sunan mahaifina. Sai da na sake yin sawu biyu kafin a gyara. Mata 'yan'uwana, ku tafi da fasfo ranar da za a rubuta muku takardar, a kwafi sunan harafi da harafi.

Na tambayi likitan batun lokaci, don na ji an ce Saudiyya tana gabanmu da awa 2. Ya ce, "Malama, awa biyu ba abin tashin hankali ba ne. Mai saurin aikin dai abinci yake bi, ba agogo ba. Ta daren kuma ki riƙa matso da ita da awa ɗaya-ɗaya, cikin dare biyu kin koma ƙarfe goman can." Ya ƙara da cewa kada in yi allurar abinci sai abincin yana gabana. Na ce to. Na ji maganar da kunnena, har na rubuta ta a bayan littafin da nake rubuta sakamakon gwaji. A makon ne kuma na yi rigakafin shawara da na sanƙarau aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa, wannan bai ba ni wata wahala ba.

Lissafin magani na zauna na yi da biro da takarda. Kwana 14 za mu yi. Kowane biron insulin yunit 300 ne a ciki. Ta dare ina yin yunit 20, da 2 da ake fesarwa a iska kafin a soka, 22 ke nan, a kwana 14 ya kama 308, wato biro ɗaya ba zai kai ni ba. Na sayi uku. Mai saurin aiki yunit 8 sau uku, da na fesarwa, 30 a rana, 420 gaba ɗaya. Na sayi huɗu. Kan allura 56 nake buƙata, na ɗauki kwali mai 100. Sitirif ɗin gwaji, 'yan fallayen da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, gwangwani uku masu 50, da batirin na'urar guda biyu, irin zagayayyen nan mai kama da kwabo. Ƙa'idar da likitan ya ba ni ita ce in ninka abin da nake buƙata, saboda jirgi kan makara, biro kan lalace, jaka kan ɓata. Lokacin naira ta faɗi warwas, magani ya yi tashin gwauron zabo, abin da na bari a kemis ranar ya haura rabin albashina na koyarwa. Ya yi mini ciwo, amma daga baya na gode Allah da ban rage ko biro ɗaya ba. Na roƙi mai kemis ya bar mini komai a kwalinsa, ya kuma ba ni rasit.

Sai batun sanyi. Insulin ɗin da ba a fara amfani da shi ba yana son digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara kuwa, irin nawa, yana kai kwana 28 a wajen firji muddin zafin bai haura digiri 30 ba, kuma duk wanda ya san Gombe a ƙarshen Fabrairu ya san rana ta fara wuce nan. Na samu ƙaramar jakar sanyi irin ta abincin 'yan makaranta, da fakitin ƙanƙarar roba guda biyu waɗanda wata nas ta ba ni aro. Ita ta koya mini in naɗe ƙanƙarar da ƙaramin tawul, kada biro ya taɓa ta kai tsaye, don insulin in ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke. Na raba kayan gida biyu, kashi mafi yawa a jakata, sauran a ta ɗana.

Daren tafiya gida ya cika da 'yan sallama. Matar ƙanina, cikin son taimako, ta kwashe kwalayen kan allura da sitirif ta jera su a ƙasan babban akwati don jakar hannuna ta yi sauƙi. Allah ya sa na sake dubawa bayan sallar asuba. Na fito da su duka. Akwatin da ake aunawa a karɓe, cikin jirgi can ƙasa yake tafiya, inda sanyi kan iya kaiwa ga daskarar da magani, kuma yana iya sauka a wani gari kai kana wani. Insulin ba tare da kan allura ba kuwa, ruwa ne kawai a kwalba.

Mun bar Jekadafari da hantsi muka kama hanyar Bauchi zuwa filin jirgi na Lawanti. Gabana yana ta faɗuwa tun daga mota. A kantar filin jirgin aka auna akwatuna, aka tambaye mu ko akwai batir a ciki, muka ce suna jakar hannu, aka ce haka ake so. Da muka zo wurin bincike ban jira a tambaye ni ba. Na ɗaga jakar sanyin na ce wa jami'in, "Yallaɓai, ina da ciwon suga, akwai allurai da insulin a nan, ga takardar likita." Ya karanta, ya zuge zif ɗin, ya taɓa ƙanƙarar ya ji ta da ƙarfi, ya sa jakar ta bi ta cikin na'ura kamar sauran kaya. Wata jami'a ta shafa jikina a bayan labule ta ce, "Allah ya ƙara lafiya, Mama." Duka-duka bai kai minti biyar ba. Abin da na yi wata guda ina kasa barci a kansa ke nan. Na'urar kuma ba ta yi wa insulin ko mitar gwajina komai ba, da su na yi amfani har na dawo.

Hazo ne ya tsare mu. Jirgin da zai ɗauke mu bai iya sauka ba sai da gari ya ɗan washe, muka zauna sama da awa huɗu. A nan na fara gane cewa mai suga ba ya dogara da lokacin da aka rubuta a tikiti. Da na taho ciki wayam da niyyar cin abincin rana a Abuja, da na sha wuya. Na taho da dafaffen ƙwai, biredi da gyaɗa, na gwada jinina a kan kujera, na shiga bayi na yi allura na fito na ci. Kan allurar da na cire na jefa a gorar roba mai murfi da na tanada, don bai kamata mai shara ya sa hannu a kwando ya soke ba. Dabarar da ta cece mu ita ce ɗana ya sayi tikitin Abuja kwana ɗaya kafin jirgin waje, ba rana ɗaya ba. A gindin jirgin kuma aka ce jakar hannuna mai taya ta yi wa ma'ajiyar sama girma, za a sa ta ƙasa. Na durƙusa a wurin na zaro jakar sanyin da mitar na rungume, sannan na miƙa musu. Awa ɗaya muka yi a sama. Mun kwana a Lugbe gidan ƙanwata, ƙanƙarar ta koma firiza, birukan suka kwana a ƙofar firji.

Washegari a ɓangaren jiragen waje na filin Nnamdi Azikiwe binciken ya fi yawa. Jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi suka buɗe akwatunanmu, suka tambaya ko akwai goro, don Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi. Ɗaya ya ɗauki kwalin metformin ya juya, ya dubi takardar likita, ya mayar. Wata baiwar Allah da ke gabanmu ta ɓare magungunanta duka ta haɗe a farar leda, fari da ja da rawaya, babu suna babu kwali. Har muka wuce tana tsaye tana bayani, tausayinta ya kama ni, don daga gani maganin hawan jini ne da na ciwon ƙafa irin namu na manya. A bincike na ƙarshe kafin ɗakin jira, dokar ita ce ba a wucewa da abu mai ruwa da ya haura mililita 100, sai magani da aka bayyana. Insulin da ƙanƙara suka wuce da takardata. Gorar ruwana da kwalin lemon da na tanada saboda faɗuwar suga kuwa aka ce in sha ko in bari. Na bar su. Na ce a raina ai akwai dabino da sukari mai ƙwaya a jaka mai taya. Da muka shiga jirgi ɗana ya ɗaga jakar ya sa a ma'ajiyar sama, layi uku a bayanmu, don ta kanmu ta cika.

Kujerarmu tana can wajen baya. Bayan kamar awa ɗaya da tashi ƙamshin abinci ya cika jirgin, na hango keken abincin ya fito daga gaba, ana miƙa wa mutane. Na gwada, suga 132. Na ce kafin su iso ni minti goma ne, bari in yi allurar yanzu a nitse cikin hijabi, kada in zo ina fama da tire a cinya. Na ga ɗan kumfa a cikin biron, wanda canjin iskar sama kan jawo, na fesar da yunit 2 har ɗigo ya fito, na soka yunit 8 a cikina. Ko mayar da murfin ban gama ba jirgin ya fara girgiza. Fitilar ɗamara ta kama, aka yi sanarwa kowa ya zauna, ma'aikatan suka janye keken suka koma kujerunsu suka ɗaure. Saura layi shida a iso mu.

Irin wannan insulin cikin minti 15 yake fara aiki, kuma babu yadda za a yi a dawo da shi in ya shiga. Na zauna ina kallon fitilar ina salati. Minti ashirin, talatin, arba'in, jirgi bai daina rawa ba. Sai na ji zufa tana tsatsafo mini a goshi duk da sanyin jirgin, hannuna ya fara karkarwa, zuciyata tana bugu, harshena ya yi nauyi. Na san alamar sarai. Da ƙyar na huda yatsa, mita ta nuna 58, alhali duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwa ce. Na ce wa ɗana, "Sugana ya faɗi, dabinon yana sama." Ya yunƙura zai tashi jirgin ya jefa shi kan kujera. Ya danna ƙararrawar kiran ma'aikata yana ta ɗaga hannu. Wani dattijo da ke gefenmu, daga hularsa da harshensa mutumin wajen Borno ne, ya lura da halin da nake ciki. Bai tambayi komai ba, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da dabino uku ya ce, "Hajiya, ci maza, ni ma ina da shi." Ina cikin taunawa wata ma'aikaciya ta iso tana dafa kujeru, ɗana ya nuna mata mitar, ta koma ta kawo kofin lemon zaƙi. Bayan minti 15 na sake gwadawa, 81. Hawaye na yi, ba na ciwo ba, na tuna likita ya faɗa mini wannan maganar da bakinsa kuma na rubuta ta. Da iska ta lafa ma'aikaciyar ta fara kawo mini nawa abincin kafin na kowa, ta kuma dawo sau biyu tana tambayata da hannu ko lafiya.

A Adis Ababa muka sauya jirgi, aka sake bincike. Wannan karon sukari mai ƙwaya shida da dabino suna cikin 'yar jakar da na rataya a wuya ƙarƙashin hijabi, tare da fasfo da takardar likita. Na nuna takardar tun kafin a tambaya, aka wuce da ni. A layin na ga wata budurwa da farin abu kamar maɓalli manne a damtsenta, irin na'urar da ke auna suga dare da rana. Ta nuna wa jami'an ta roƙi a bincike ta da hannu, don takardar da ke zuwa da wasu irin waɗannan na'urori ta hana a bi da su ta injin haska jiki, kuma suka yi mata yadda ta nema. Duk mai irinta, ko mai famfon insulin, ya karanta takardar tasa tun a gida. Agogon Habasha da na Saudiyya ɗaya ne, don haka a nan na gyara nawa, na yi allurar dare a ɗakin jira da ƙarfe 11 na can. A jirgi na biyu sai da tire ya sauka a gabana na buɗe na ga shinkafa ce, sannan na ɗauko biro. Mun yi niyya kafin sauka, kuma a Jidda babu wanda ya ce in buɗe jakar magani.

Asara ɗaya na yi, a masaukinmu na Makka. Na jera birukan a ƙaramin firjin ɗaki cikin gajiya, ɗaya ya jingina da bangon baya. Da safe na same shi da ƙanƙara a ciki. Ya narke ya koma garau kamar ba abin da ya same shi, kuma a nan haɗarin yake, don ido ba ya bambancewa. Na zana masa alama da biro na ware shi gefe, ban sake taɓa shi ba. Sauran na mayar da su ƙofar firjin cikin tawul. Da biro bibbiyu cif na taho kamar yadda lissafi ya nuna, da sai na shiga neman kemis a garin da ban san hanya ba, da riyal ɗin da ban tanada ba.

A dawowa ban sake barin komai ga sa'a ba. Na gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun a ƙofa cewa ina allurar suga. Jakar sanyi da mita a ƙarƙashin kujerar gabana, inda hannuna zai kai ko da ɗamara a ɗaure, sukari a wuyana, wani kuma a aljihun ɗana. Bayan an wuce bincike na sayi ruwa a ciki duk da tsadarsa, don iskar jirgi tana busar da jiki, na kuma riƙa tashi ina ɗan takawa in fitila ta mutu. Gwaji na riƙa yi duk bayan awa uku maimakon jiran sai na ji wani abu. Na ji ana iya neman abincin masu suga in an gaya wa kamfanin jirgi kwana biyu kafin tafiya. Ni ban nema ba, na ci na kowa na bar kek ɗin da lemon. Kuma na lura yawan tafiya a ƙafa, a filayen jirgi da a Harami, yana saukar da suga fiye da yadda na saba a gida, har sau biyu na rage yunit ɗin rana kamar yadda likita ya nuna mini tun kafin mu tashi.

Mako guda da dawowa na koma asibiti da gorar allurai a cike, na miƙa wa nas ɗin tare da ƙanƙararta da 'yar tsarabar dabino da Zamzam. Likitan ya buɗe littafina yana bin lambobin da yatsa har ya tsaya a kan 58. Na ba shi labarin yadda aka yi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in na samu kujerar Hajji in dawo a sake rubuta sabuwar takarda, don yunit ɗin da ke cikin wannan ba lallai su kasance su ne nake yi a lokacin ba.